Kasuwar da Na Kafa Ta Raba Ni da Yayana

Assalamu alaikum, Hajiya Raliya.

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin ya kai ni inda ba ni iya rabe daidai da kuskure. Na daɗe ina karanta wanga fili naki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Ki sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canja su, ko da yake wanda ya san Kebbe zai gane ni tun bai kai tsakiya ba.

Ni haifaffiyar Tambuwal ce, aure ya kawo ni Kebbe, kuma ina koyarwa a wata firamare a nan. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, ko fuskarsa ban riƙe ba. Yayana, Yaya Siddiƙ, shi ne uban da na sani. Shi ya bar makaranta ya shiga kasuwa don mu ci, shi ya tsaya tsayin daka har na gama kwalejin horon malamai lokacin da dangi ke cewa karatun ya isa haka, kuma shi ya aurar da ni. Sana'arsa dillancin kayan gwari a kasuwar Tambuwal. Manoma su kawo tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ya haɗa su da masu saye, ya ɗauki la'adarsa. Da wannan la'ada anka yi mini komai, har gadon da anka kai ni ɗaki da shi.

Mijina, Malami, manomin rani ne, yana da lambu a fadama. Mutum ne mai kunya, marar yawan magana, amma ba ya son a raina guminsa. 'Yan shekarun baya, a lokacin da tumatir ya cika ko'ina, ya ɗaure kwanduna a babur ya tafi Tambuwal kamar yadda ya saba. Kin san hanyarmu, kafin mutum ya kai kwalta na ƙasan kwando ya fara zubar da ruwa. Da ya isa ya tarar kasuwa ta faɗi warwas. Yaya ya gaya masa abin da ake saye, ya ce ya haƙura ya sallama. Malami ya ce wannan farashi ko man injin ban ruwa ba ya mayarwa. Sunka ɗan yi sa-in-sa a gaban mutane, ya mayar da kwandunansa kan babur, ya ce zai gwada Jega. Bai kai ba. Wata babbar mota ta same shi a hanya, ko asibiti ba a kai da shi ba.

Ban taɓa buɗe baki na ce Yaya ne sanadi ba. Na san ajali ne, na san inda anka rubuta zai cika nan zai cika. Amma da Yaya ya shigo yi mini gaisuwa, ya zauna a gabana ya kasa ɗaga ido, ni ma na kasa kallonsa. Tun daga ranar akwai wani abu a tsakaninmu wanda ba mu taɓa ba shi suna ba.

Ina cikin takaba matan manoma sunka yi ta zuwa, kowace da nata labarin. Wannan mijinta ya karye a santsin hanya, har yau yana ɗingishi. Waccan an tare nata an ƙwace babur. Wata ta ce mijinta ya taɓa juye kayansa a bayan kasuwa ya dawo hannu wofi, don dawo da su gida ya fi zubarwa asara. Ga matan cikin gida masu ƙuli-ƙuli da daddawa da man gyaɗa, ba su da inda za su kai sai su ɗora wa ɗiyansu talla. Ga matan rugage da ke taka doguwar tafiya da ƙwaryar nono. Ina zaune ina jin su, sai tunani ya zo mini: don me kullum kaya ne ke tafiya neman mai saye? Me zai hana mai saye ya zo inda kaya suke?

Da na fita takaba na samu wani dattijo mutumin Fakku, Baba Na'iya, wanda lambunsa ke maƙwabtaka da na Malami. Shi ya shige gaba, munka je wurin hakimi, munka je ƙaramar hukuma, anka ba mu izini. Malami ya bar wata gonar tudu a bakin hanya, nan munka kafa rumfunan kara da zana. Munka zaɓi jajiberin kasuwar Tambuwal ta zama ranar cinmu, don 'yan sari su saya a wurinmu su wuce da shi can washegari. Ƙa'idarmu ba ta da yawa. Wanda ya noma shi ke sayar da abinsa, ba dillali. Mata suna da layinsu. Tsofaffi da matan da mazansu sunka rasu ba su biyan kuɗin rumfa.

Ranar farko, Hajiya, abin dariya ne. Masu kallo sun fi masu saye yawa, har wani mai kabu-kabu ya tsaya yana tambaya ko biki ake yi. Amma a hankali labari ya bazu cewa kayanmu ɗanye ne shakaf, an tsinko shi da safe. Ƙananan motoci sunka fara shigowa daga Tambuwal, daga Jega, wani lokaci har daga Sakkwato. Akwai wata baiwar Allah, Bara'atu, mai ƙuli-ƙuli, ita ma mijinta ya rasu. Da can ɗiyarta ba ta zuwa makaranta saboda talla. Yanzu uwar na zaune a rumfarta, abin da ta soya a mako yana ƙarewa a rana ɗaya, yarinyar kuma tana ajina, tana karanta Hausa ba gargada. Irin wannan ne ke sa in na gaji in tashi.

Mutane da kansu sunka fara kiran wurin Kasuwar Malami. Ban sa ba, ban kuma hana ba. Gaskiya raina yana son jin sunan a bakin direbobi.

Ba zan ce komai lafiya lau ba ne. A ranin da ya wuce, da tumatir ya yi ambaliya, 'yan sarinmu ƙanana ne, ba su iya kwashewa. Kwanduna sunka kai la'asar a ƙasa. Mata sunka yi ta yanka suna shanya kauɗa har wurin shanya ya ƙare, sauran anka tura rami. Na ga magidanta tsaye suna kallon ramin. Baba Na'iya ya ce mu yi haƙuri, kasuwa yarinya ce.

To ga inda matsalar take. Yawancin manoman da ke kai wa Yaya kaya mutanen yankinmu ne. Tun da kasuwarmu ta kama, rumfarsa ta bushe. Shekarunsa sun ja, ga hawan jini, ga gida cike da iyali. Matarsa ta gaya mini kullum yana fita kamar da, ya shimfiɗa tabarma ya zauna, sai yamma ya dawo. Ya daina kirana. Da ɗiyata Rauda ta sauke Alƙur'ani bai zo walima ba, sai atamfa ya aiko a hannun mai mota, shi da ya yi mata huɗuba da bakinsa. Da Sallah na je gaishe shi, na durƙusa a zaure. Ya amsa yana kallon bango, can sai ya ce, "An sa ma kasuwa sunan mamaci don kullum a tuna ma mutane ni na kashe shi." Kafin in sami bakin magana ya zura takalmi ya tafi masallaci, ko kiran salla ba a yi ba.

Kwanan baya Inna, mahaifiyarmu, ta aiko in zo. Tana gidansa, ta tsufa, idonta ba ya gani sosai. Ta ce shi bai ce in rufe kasuwa ba, bai ma san ta kira ni ba. Ita ce ke roƙona in ba shi dillancin wurin, tunda ni na kafa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan'uwanki na, da bakin kasuwa ya ciyar da ke. Ba ni son in mutu in bar ku haka." Ba ta yi mini baki ba, ba ta ɗaga murya ba, kuka kawai ta yi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce tana son jin amsata kafin azumi.

Na kai maganar gaban Baba Na'iya da sauran dattawan kasuwa. Daga baya Baba ya ce, "Malama, fili naki na, in kin ce a yi za a yi. Amma ranar da dillali ya shimfiɗa tabarma a nan, ni na bar zuwa." Wasu sunka goyi bayansa. Wani matashin manomi ya faɗi maganganu marasa daɗi a kan Yaya a gabana, ya kira shi mai shan gumin talaka. Hajiya, raina ya ɓaci ƙwarai. A nan na gane duk abin da ke tsakaninmu, ba ni iya jin ana zagin Yaya.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne niyyata. Ranar da matarsa ta ce mini rumfarsa ta bushe, kafin tausayi ya zo, wani abu mai kama da sanyi ya ratsa zuciyata. Na yi ta istigfari. Tun daga nan nika tambayar kaina: don Allah da talakawa na kafa kasuwar ga, ko don in rama? Ba ni iya rantsuwa cewa ban san za ta taɓa shi ba. In dai ramuwa ce a ƙasan abin, ina ladan yake? Wani lokaci in ji kamar in sa a cire rumfunan a mayar da gonar ga gero kowa ya huta. Sai in shiga aji in ga ɗiyar Bara'atu.

In rufe? In shigar da shi manoma su watse? Ko in zare hannuna in bar su su ƙarata? Ba ni da wanda zan gaya wa, don duk wanda na sani yana ɓangare ɗaya. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

Taki cikin damuwa,
Ƙanwar Dillali, Kebbe.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata.

Allah Ya jiƙan Malami, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma zan fara da abin da ba ni da shakka a kansa. Kada ki rufe kasuwar. Kada kuma ki naɗa Yayanki dillali a kan mutanen da suka ce ba sa so. Amma ba waɗannan biyu ne kaɗai hanyoyin da ke gabanki ba.

Matsaloli biyu ne suka harɗe miki, kike ganinsu ɗaya. Akwai maganar kasuwa, akwai maganar mutuwar mijinki. Ki sake duba abin da Yayanki ya faɗa a zaure. Bai ambaci la'ada ba, bai ce kin kashe masa sana'a ba. Mutumin nan shekaru yake ɗauke da mutuwar surukinsa a ƙirji. Ya faɗi farashin da ake saye a ranar, kuma ba shi ya yanka shi ba. Kin ce ba ki taɓa ɗora masa laifi da baki ba, na yarda. Sai dai shirun da kika yi masa ya ji shi sarai, kuma ya fassara shi yadda ya fi masa ciwo. Ko yau kika damƙa masa kasuwar ɗungurungum, wannan ciwo yana nan.

Saboda haka tafiyarki ta farko Tambuwal kada ki ɗauki zancen kasuwa. Ki same shi ku biyu, ki ambaci ranar da kuke ta kewayewa. In zuciyarki ta kai ga cewa ba ki riƙe shi da mutuwar Malami ba, ki faɗa masa ƙarara. In ba ta kai ba tukuna, kada ki yi masa ƙarya. Ki ce kin ji zafinsa, kin san bai cancanta ba, kina roƙon Allah Ya cire miki. Ki gaya masa ba ke kika raɗa wa kasuwar suna ba, kuma masu kiran sunan, mijinki suke tunawa, ba shi suke tuhuma ba. Mai yiwuwa ya tashi ya bar ki kamar wancan karo. Ki koma. Ke ce ƙarama, kuma shi ya raine ki.

Game da niyya, ki sassauta wa kanki. Zuciyar da aka yi wa rashi irin naki ba ta fitowa tas. Sanyin da kika ji ya zo ya wuce, kin ƙi shi, kin nemi gafara, kuma da aka zagi Yayanki kin kasa jurewa. Ba a rushe rumfar da marayu ke ci a ƙarƙashinta don wani tunani ya gifta wa wadda ta kafa ta. Ki sabunta niyya ki ci gaba.

Yanzu kasuwa. Manoman suna da gaskiya. Alkawari kuka yi musu cewa mai noma shi ke sayarwa, a kan haka suka bar mutanen da suka saba da su shekara da shekaru suka biyo ku. In aka karya ƙa'ida don ɗan'uwan Malama, gobe za a karya ta don ɗan'uwan wani. Amma sun yi kuskure da suke ganin duk dillali azzalumi ne. Tumatirin da kuka tura rami shaida ne cewa akwai abin da kasuwarku ta rasa. Kuna da kaya, ba ku da manyan masu saye. Wa ya san fataken da ke lodin babbar mota zuwa kudu, ya san wanda ke biya da wanda ke gudu da kayan mutane, ya san makon da farashi ke tashi? Mutum irin Yayanki. Wannan sani ne da ya tara tsawon rayuwarsa, kuma kuna bukatarsa.

Shawarata ita ce a gayyace shi a matsayin wakilin masu saye, ba dillalin manoma ba. Ya kawo manyan 'yan sari lokacin da kaya suka yi yawa, a yi ciniki a fili tsakanin manomi da mai saye, ladansa ya fito daga aljihun mai sayen da ya kawo. Ba a tilasta wa kowa sayar masa, ba a hana wani mai saye shigowa. A gwada rani ɗaya, in bai yi ba a bari ba tare da faɗa ba. Ki kai wa Baba Na'iya wannan shi kaɗai da farko, domin dattijo ne da ya ga ramin da idonsa. In ya gamsu, shi zai gabatar wa sauran, ke kuma ki fita daga wurin su yanke ba idonki. In sun amince, shi da wani dattijo su je su roƙi Yayanki. Kada abin ya zo masa ta hannunki kamar sadaka, domin mutumin da ya ciyar da ke ba zai iya haɗiye wannan ba. In sun ƙi, ki karɓi hukuncinsu, ki taimaki gidan Yayanki daga abin hannunki ta wurin matarsa, a rufe.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. An ce miki fili naki ne, in kin ce a yi za a yi. Wannan magana ta ba ni tsoro. Gonar nan gado ce, akwai haƙƙin marayu a cikinta, wataƙila da na wasu magada. Ki zauna da dangin mijinki da malamin da ya san rabon gado, a fayyace ko aro ne ko haya, a rubuta, hakimi ya shaida. Sannan ku zaɓi shugabanni na sosai, da mata a ciki, har da na rugage. Kasuwar da ke rataye a kan bakin mutum ɗaya ba ta daɗewa, kuma ita ce ta sa yau kowa ya ɗora miki kayan da ba naki ba ne ke kaɗai. Ku kuma fara tunanin wurin shanya mai tsabta da rumbun albasa kafin rani ya zagayo.

Sai Inna. Biyayya gare ta wajibi ce, amma abin da ta roƙa amanar jama'a ce, ba mallakinki ba. Ki faɗa mata haka cikin ladabi, ki kuma gaya mata abin da za ki iya yi. Na tabbata ba tabarmar dillanci ta sa ta kuka ba. 'Ya'yanta biyu take son ta ji suna hira.

Kada ki jira azumi. Ki shiga mota a wannan makon, tun Inna na da ran da za ta ji muryoyinku a zaure ɗaya.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba Yayanki lafiya da buɗi, Ya ƙara wa Inna kwana mai albarka, Ya sa kasuwarku ta ɗore ta amfani na kusa da na nesa. Amin.

Hajiya Raliya